Ɗan fashin teku a hannun yaron Arewa

Cikin littattafan yara na faransanci da ke isowa lakwal-lakwal ɗinmu, akan samu na "pirate": mutum mai ido ɗaya, ƙafar icce, aku a kafaɗa, tuta baƙa da ƙoƙon kai. Wasu abokanmu na cewa a ture su gefe, tunda Nijar ba ta da teku, yaron Dogon Dutsi ko Tibiri kuwa iyakarsa tabki da Dallol Mawri. Ni wannan hujja ba ta kama ni ba. Yaron da ya yarda gizo na magana, teku ba zai gagare shi ba.

Matsalar tana cikin kalmar. A faransanci "pirate" ya zama kayan wasa, abin da yaro ke sa tufafinsa ranar biki. To, juya shi da Hausa mana: ɗan fashin teku. Ɗan hwashi, yadda muke faɗi a gida. Nan take dariya ta ɗauke. A ƙauyukanmu na bakin iyaka da Sakkwato da Kebbi, ɗan fashi shi ne wanda ya tare hanya ya kore shanun mutane. Ƙananan littattafan hotunan nan da ke nuna shi yana murmushi yana rabon alewa, da ka fassara su sai su zube, don babu komai cikinsu sai tufafin.

Wanda bai zube ba shi ne L'Île au trésor na Stevenson, na 1883. Long John Silver kuku ne mai fara'a, mai daɗin baki, har yaron nan Jim ya saki jiki da shi. Sai ga Jim ɓoye cikin gangar tuffa, yana jin kukun na shirya yadda za a hallaka shugabannin jirgin. Daga baya da idonsa ya ga Silver ya jefi wani matuƙi da sandar dogarawarsa, ya bi shi da wuƙa. Stevenson bai yi wa yaro ƙarya ba: mai ba ka abinci yana iya zama mai neman ranka. Kuma a ƙarshe Silver ya sulale da jakar kuɗi, ba wanda ya hukunta shi. Wallahi wannan ya fi kama da duniyar da ƙannenmu ke ji ana labari da dare.

Astérix kuwa, ƴan fashinsa na da ban dariya, kullum jirginsu nutsewa yake. Amma ku dubi mai gadin saman jirgin, baƙar fata mai manyan leɓɓa jajaye, wanda ba ya iya furta "r". Mu da ke da "r" har iri biyu a Hausa! Malamin da zai miƙa wa yaro wannan, ya zauna su tattauna hoton tukuna.

In ƙungiyarmu za ta gwada fassara, na zaɓi Stevenson. Aku ba zai ba mu wahala ba, Magana Jari Ce ta riga ta saba mana da shi. Inda za mu yi gumi shi ne sassan jirgin ruwa, da bakin Silver: Hausar ɗan kasuwa za mu ba shi, ko ta ɗan tasha? Ni ta ɗan tasha nake so.