Gaya a Littafin Tarihin Kano: Tarken Yadda Muke Kafa Hujja da Tsohon Rubutu

Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, abin da ya jawo wannan maƙala wata ɗabi'a ce da na daɗe ina cin karo da ita a kundayen ɗalibai. Ɗalibin da ba ya karɓar hadisi sai ya bi isnadinsa ɗaya bayan ɗaya, shi ne kuma idan ya zo babin tarihin garinsu sai ya rubuta cewa Bagauda ya hau sarautar Kano a shekarar 999, ya wuce abinsa, bai tambayi inda adadin ya fito ba. Sakacin ba ƙarami ba ne. Tun daga 2019 da aka ɗaga darajar masarautar Gaya, zuwa 2024 da aka rushe ta sannan aka maido da ita a daraja ta biyu, mutane na ta janyo tsofaffin rubuce-rubuce domin kare ra'ayinsu. Saboda haka na zaɓi abin da littafin Tarihin Kano ya faɗa game da Gaya, don mu ga irin nauyin da zai iya ɗauka.

Wane ne mai ruwayar?

Littafin da Larabci aka rubuta shi, ba sunan mawallafi, ba kuma isnadi. Ya jero sarakuna 48, daga Bagauda zuwa Muhammadu Bello wanda ya rasu a 1893. H. R. Palmer ya buga fassararsa ta Ingilishi a 1908, ta Hausa kuma ta fito a juzu'i na biyu na Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a 1933. Manazarta sun saɓa a kan asalinsa. Murray Last a 1980 da M. G. Smith a 1983 sun ga alamun cewa akwai tsohon tushe da aka yi ta ƙari a kansa, alhali John Hunwick a 1994 ya rinjayar da cewa aikin mutum guda ne a zamanin Bello, har ya karkata ga Ɗan Rimi Malam Barka. Ko wanne aka ɗauka, matanin da ke hannunmu a ƙarshen ƙarni na 19 ya kammala, kuma da idon fadar Kano yake kallon al'amura.

Shekarun da ake yawan ambato kuwa ba na mawallafin ba ne. Tsawon mulkin kowane sarki ya bayar, Palmer ne ya tara su ya ƙirga da baya har ya isa 999. A istilahin malaman hadisi wannan ya yi kama da mudraji, wato maganar mai ruwaya da ta shige cikin matani har aka zaci asali ce. Kuskure kaɗan a tsawon mulkin sarakuna goma ya isa ya gusar da lissafin da shekaru masu yawa. Akwai ma shaida daga waje. Littafin ya sanya zuwan Wangarawa a zamanin Yaji, wanda Palmer ya lissafa daga 1349 zuwa 1385, amma Asl al-Wangariyyin, da aka rubuta a 1061 Hijiriyya kuma Muhammad al-Hajj ya yi tahƙiƙinsa a 1968, ya kawo jagoransu Shehu Abdurrahman Kano a zamanin Muhammadu Rumfa, kimanin ƙarni guda bayan haka.

Wurare uku da suka shafi Gaya

Na farko yana zamanin Yakubu ɗan Abdullahi Burja, a tsakiyar ƙarni na 15 bisa lissafin Palmer. An ambaci zuwan Agalfati, Sarkin Gaya, ɗan Sarkin Machina, tare da 'yan'uwansa uku, ɗaya daga cikinsu ya zama Sarkin Haɗeja. Wasu ɗalibai sukan ɗauki wannan a matsayin farkon Gaya, sai su ruɗe idan suka haɗu da sananniyar ruwayar baka ta Abagayawa, wadda ke cewa maƙera ne daga Gaya suka zo gindin Dala neman tama tun kafin a yi birnin Kano. Alhali ba karo tsakaninsu. Matanin yana magana ne a kan gidan sarauta da alaƙarsa da gabas, ta wajen Borno, ruwayar baka kuma a kan mazauna da sana'arsu. Zuwan sarki daban, kafuwar gari daban. Jam'i tsakanin ruwayoyi, matuƙar zai yiwu ba tare da takurawa ba, shi ake gabatarwa a kan jefar da ɗaya.

Na biyu yana zamanin Muhammadu Dadi, a ƙarshen ƙarni na 17. An ce Sarkin Gaya Farin Dutse, mahaifin Maryama, ya yi tawaye, ya shekara uku bai biya jiziya ba, har Sarki ya yaudare shi ya zo aka kashe shi. A nan ne mai karatun fiƙihu ya fi saurin zamewa, domin ya san jiziya a kan wanda ba Musulmi ba take, sai ya yanke cewa Gaya ba ta musulunta ba a lokacin. Da ya ci gaba da karatu kaɗan zai tarar littafin ya ce Sarki Kumbari ya karɓi jiziya a kasuwar Kurmi, har ya ɗora wa malamai. Ke nan a bakin wannan marubuci kalmar tana ɗaukar ma'anar haraji kowane iri. Ana fassara lafazin marubuci da yadda shi ya yi amfani da shi, kafin a koma ga ƙamus ko littafin fiƙihu. Kalmar tawaye ma hukuncin fada ce. Yadda mutanen Gaya suka kira al'amarin ba ya cikin littafin. Sai dai a yaba wa marubucin da ya kawo ruwaya biyu a kan yadda aka yi kisan, bai ɓoye saɓanin ba.

Na uku yana biye. Muhammadu Sharefa ɗan Dadi mahaifiyarsa Maryama ce, mutuniyar Gaya, kuma an ce a zamaninsa mutanen Gaya sun yi ƙarfi a Kano. Idan aka haɗa wannan da na biyu, zato mafi rinjaye shi ne Maryama ɗaya ce. In haka ne, wanda aka kashe surukin Sarki ne, jikansa kuma shi ya gaji gadon, rikicin kuwa ya fi kama da na cikin dangi. Amma wannan istimbaɗi ne, wajibi ne marubuci ya bayyana shi a matsayin istimbaɗi.

Abin da ya hau kan mai rubutu

Ma'aunin nan ba baƙo ba ne a wurinmu. Imam al-Ɗabari ya faɗa a gabatarwar tarihinsa cewa shi mai naƙali ne, abin da aka ga ya saɓa wa hankali alhakinsa na kan wanda ya ruwaito masa. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya soki al-Mas'udi da ire-irensa da suka karɓi cewa rundunar Banu Isra'ila ta kai 600,000, ya auna adadin da faɗin ƙasa da yawan zuriyar da ke tsakaninsu da Annabi Yaƙubu. Inda isnadi ya yanke, kamar a littafinmu, sai nauyin ya koma kan tace matani da gwada shi da wasu shaidu.

Don haka duk sakin layi na tarihi ya kamata mai karatu ya iya bambance abu uku a cikinsa: abin da matani ya ce, abin da mai fassara ko mai tahƙiƙi ya ƙara, da abin da marubuci ya fahimta. A koma ga Larabcin kafin fassara. Idan an ɗauko ruwayar baka daga dattawan Gaya ko Ajingi, a rubuta daga wa aka ji, shi kuma daga wa ya ji, da ranar da aka yi hirar, domin wannan shi ne isnadin da na baya za su nema.

Kammalawa

Littafin Tarihin Kano madogara ce mai daraja, ba a yin tarihin wannan ƙasa ba tare da shi ba. Abin da ya tabbatar game da Gaya shi ne gari ne mai sarki, mai alaƙa da gabas, wanda ya iya hana haraji shekara uku, ya kuma haifi uwar Sarkin Kano. Bai ba da shekarar kafuwarta ba, bai kuma yanke hukunci a kan addinin mutanenta ba. Wanda ya ɗora masa waɗannan ya jingina wa shaida abin da bai faɗa ba. Allah ne Mafi sani.