Daga Shafin Jarida Zuwa Rumfar Gwanjo: Tsokaci a Kan Littattafai da Hajojin Zanen Barkwanci

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba abin da ke samun zanen barkwanci idan ya daɗe yana fitowa har ya haifi littattafai da hajoji. Tambayar da za a yi ƙoƙarin amsawa ita ce: wanne daga cikin biyun ke raya hikimar mai zane, wanne ke rage mata daraja?

2.0 Littafi da Haja

Charles Schulz ya fara zanen Peanuts a jaridun Amurka a 1950, bai daina ba sai 2000, bayan ya fitar da zane 17,897. Tun 1952 aka fara tattara su a littafi. Littafin ya adana labarin yadda yake, da maganganun yaran da irin damuwarsu, ta yadda manazarci zai iya bin yadda halayen taurarin suka sauya cikin shekaru hamsin.

Haja kuwa fuska kawai take ɗauka. Yaron da ke Nukkai a Jalingo zai iya sa rigar gwanjo mai hoton karen nan Snoopy, alhali bai taɓa karanta layi guda na labarin ba. A wurinsa ado ne, kamar zanen atamfa. Gudun haka ne ya sa Bill Watterson, mai zanen Calvin and Hobbes daga 1985 zuwa 1995, ya amince da littattafai amma ya ƙi ba kamfanoni izinin yin 'yar tsana da taurarinsa.

3.0 Misalin Gida

A Nijeriya, Wale Adenuga ya kafa mujallar Ikebe Super a 1976, inda Papa Ajasco mai sanƙo ya yi suna tare da Pa Jimoh da Boy Alinco. Daga takarda taurarin suka shiga silima a farkon shekarun 1980, sannan talabijin a shekarun 1990. Wannan ya faɗaɗa masu sauraro ƙwarai. Sai dai kuma da yawa daga waɗanda suka san Papa Ajasco a yau ba su san cewa alƙalami ne ya haife shi ba. Reshe ya yi girma har ya rufe tushiya.

Matsalar ƙasar Hausa akasin wannan ce. An buga littafin zane na Sauna Jac a Zariya, ya kuma shiga hannun 'yan makaranta, amma samun kwafinsa a kasuwa yanzu sai an tona. Zanen da bai shiga littafi ba kuwa, ƙarshensa ƙunshin ƙosai ko cin gara. Da shi ake rasa karin maganar zamaninsa, da suturar mutanensa, da habaicin da ya yi wa masu mulki.

4.0 Kammalawa

An ga cewa littafi shi ne rumbun zanen barkwanci, haja kuwa talla ce wadda ke iya rayuwa ko da labarin ya mutu. Saboda haka ya wajaba sassan nazarin Hausa na jami'o'i su fara da tattara zanen da ke tsofaffin jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka kafa a 1939, su buga su da sunayen masu zanen da shekarunsu. Sai an cika rumbu ake maganar kai hatsi kasuwa.