Akta Ya Tsufa, To Sai Me?

A shekarar 2023, tsakanin makonni shida kacal, tsofaffin jarumai biyu suka dawo fagen da kowa ya ɗauka sun bar shi har abada. A ƙarshen watan Yuni aka saki Indiana Jones and the Dial of Destiny, kashi na biyar na labarin da aka faro tun 1981, Harrison Ford yana da shekara 80 a duniya. Ranar 11 ga Agusta kuma Gadar 2 ya fito a Indiya, Sunny Deol ya sake naɗa rawanin Tara Singh bayan shekara 22, ya riga ya haura sittin. A Tudun Wadar Kaduna, inda ake yanke wa fim hukunci a bakin shagon tura fina-finai a waya ko a teburin mai shayi tun kafin a gama kallonsa, ƙorafin da ya fi yawo a kan irin waɗannan fina-finai guda ne: akta ya tsufa, ya kamata ya haƙura. Masoyan Indiana Jones a Amurka ma abin da suka yi ta nanatawa ke nan da nasu harshen. Ni kuwa ina ganin an kama reshe an bar tushe. Tsufan jarumi shi ne kaɗai abin da ci gaban da ya makara yake da shi wanda na farko bai mallaka ba, kuma fim yana lalacewa ne a daidai wurin da ya ji kunyar wannan tsufan ya nemi ɓoye shi.

A duba yadda aka gina Dial of Destiny. Kusan minti 25 na farkonsa an mayar da mu shekarar 1944, an sa kwamfuta ta goge furfura da tamojin fuskar Ford, ya koma saurayi yana tsalle a kan jirgin ƙasan sojojin Jamus. An kashe dukiya mai yawa a kan wannan, amma kunne bai yaudaru ba, domin muryar da ke fitowa daga bakin saurayin muryar dattijo ce. Da labarin ya tsallako 1969 sai ga mutumin gaskiya: ya farka a kujera ba riga, jiki ya saki, yana buga ƙofar maƙwabta saboda kiɗansu ya dame shi, ana shirin sallamarsa daga koyarwa a jami'a, ɗansa ya mutu a yaƙin Biyetnam, aurensa ya watse. A nan fim ɗin yake da rai. Mai kallon da ya fara ganin Indiana a kaset yana yaro, yau shi ma yana lissafin kuɗin makarantar 'ya'yansa, ya san wannan gajiyar. Sai dai darakta James Mangold, wanda ya karɓi ragamar daga Steven Spielberg, bai amince da abin da ke hannunsa ba. Nan da nan ya ɗora dattijon a kan doki cikin ramin jirgin ƙasa na birnin New York, ya jefa shi tseren keke Napep a titunan Tanja ta Maroko, kamar mai neman afuwa don ya nuna mana tsoho. Fim ɗin ya wuce awa biyu da rabi, rabinsa gudu ne da mai shi ba zai iya ba.

Gadar 2 ba fim ne mai zurfi ba, kuma ba zan wanke shi daga abin da ake zarginsa da shi ba. Yadda ya zana Pakistan da mutanenta na masu neman tafi da kishin ƙasa ne, kuma Musulmin da ya kalle shi ya ji ɗaci yana da hujja. Amma akwai wuri ɗaya da daraktansa Anil Sharma ya fahimci abin da Hollywood ta kasa. Duk wanda ya ga Gadar na 2001 ya tuna inda Tara Singh ya tumɓuke famfon tuƙa-tuƙa daga ƙasa ya tarwatsa taro da shi. A na biyun an sake kawo shi gaban famfo, abokan gaba sun kewaye shi. Bai taɓa shi ba. Kallonsa kawai ya yi, suka watse. Shekara 22 ce ta yi wannan aikin, ba ƙwanji ba. Haka tsohon ɗan dambe yake idan ya shigo fili: ba ya bukatar ɗaure hannu, makaɗa su ambaci sunansa kawai, 'yan baya su sunkuyar da kai. An kuma yi dabarar ɗauko Utkarsh Sharma, yaron da ya fito ɗan Tara a fim na farko, ya dawo a matsayinsa yana saurayi, labarin ya zama na uba da ya tsallaka iyaka a 1971 don ya ceto ɗansa. Lokacin da ya wuce a kan 'yan wasa kusan shi ne ya wuce a cikin labarin, ba wanda aka yi wa kwaskwarima.

Za a ce mini ai mutum ba ya biyan kuɗin data ko na tura fim don ya ga dattijo yana nishi. Faɗa da gudu aka zo kallo, in babu su a ba wa matasa wuri. Wannan magana tana da ƙarfi, amma ta manta irin jarumin da Indiana yake tun asali. Bai taɓa zama Rambo ba. Mutum ne da ake jibga, yana tsoron maciji, yana kuɓuta da ƙyar da sa'a. Wurin da aka fi tunawa a kashi na farko, Raiders of the Lost Ark, shi ne kasuwar Alƙahira, inda wani ƙato ya tare shi yana juya takobi, shi kuma a gajiye ya zaro bindiga ya harbe shi ya juya. An tsara doguwar fafatawa ne a wurin, rashin lafiyar Ford a lokacin ɗaukar fim ya sa aka gajarta. Wato gajiyar jiki ce ta haifi abin da ya fi komai daɗi a fim ɗin. Kashi na uku kuma, The Last Crusade na 1989, wanda masoya da yawa ke fifitawa, ƙarfinsa yana wurin Sean Connery, tsohon malami mai lema da jaka, wanda ya kakkaɓo jirgin yaƙi ta hanyar korar tsuntsaye su tashi su rufe shi. Masu kallo ba su ƙi tsoho a fim ɗin kasada ba. Abin da suke ƙi, ko da ba su faɗe shi haka ba, shi ne tsohon da aka tilasta wa kwaikwayon ƙuruciyarsa.

Mu Hausawa ma bai kamata wannan ya zama mana baƙo ba. Gandoki na Bello Kagara, wanda ya fito a 1934, labarin kasada ne na yaƙi da Turawa da aljannu, amma daga bakin dattijo ake jinsa, yara sun kewaye shi, kuma a fagen fama ɗansa Garba Gagare yana gefensa. Tun farkon rubutun zube na boko, jarumin da ya ga jiya ya ga yau ne muka ba wa magana.

Akwai kuma masu cewa duk zancen kuɗi ne, kamfani ya ga tsohuwar rijiya ya koma ɗiba, a bar tsofaffin fina-finai su huta da mutuncinsu. Gaskiya ne Disney ba ta sayi Lucasfilm, kamfanin da ya mallaki Indiana Jones, a 2012 a kan kimanin dala biliyan 4 don ta ajiye hular Indiana a ɗakin tarihi ba. Amma na farkon ma ba sadaka aka yi ba. George Lucas da Spielberg sun gina Raiders ne a kan gajerun fina-finan kasada na shekarun 1930 da 1940 da ake nunawa kashi-kashi a silima, tsohon abu suka farfaɗo da shi. Kuma kuɗin da fim ya tara ba ya raba wannan gardama. Kingdom of the Crystal Skull na 2008, wanda masoya suka fi zagi saboda Indiana ya ɓuya a firji ya tsira daga bam ɗin nukiliya, ga kuma halittun wata duniya a ƙarshe, ya tara kusan dala miliyan 790. Dial of Destiny, da aka kashe wa kusan miliyan 300, bai kai miliyan 400 ba, alhali ya fi shi zuciya. Wanda ya ga an yaudare shi a 2008 bai dawo a 2023 ba, matasa kuma ba su san wane ne mai hular ba. Wannan bayanin kasuwa ne, bai ce komai a kan ko labarin ya cancanci a ci gaba da shi ba. Sylvester Stallone ya nuna fuskokin biyu da kansa: a Creed na 2015 ya bar Rocky ya zama tsohon mai horarwa da ke fama da ciwon daji, har aka sa shi cikin 'yan takarar Oscar, a Rambo: Last Blood na 2019 ya koma yanka da sara yana da shekara 73, aka kalla aka manta.

Abin da ci gaban da ya makara ba zai iya mayarwa ba shi ne wanda ƙasa ta rufe. Masu kallon Indiya a Arewa, waɗanda suka raɗa wa Dharmendra, mahaifin Sunny Deol, suna Sarkin Ƙarfi, sun san akta ba ya haske sai da bos na gaske. Amrish Puri, wanda ya fito surukin Tara Singh a Gadar, shi ne kuma Mola Ram mai zare zuciya a Indiana Jones and the Temple of Doom na 1984, ya rasu a Janairun 2005. Gurbinsa a Gadar 2 a fili yake. Sabon bos ɗin yana da ihu, ba shi da kwarjini. Idan masoya suka ce fim ɗin bai kai na da ba, sau da yawa wannan rashin suke ji, sai su ɗora wa furfurar akta laifi.

Kannywood ta kusa isa wannan mararrabar. 'Yan wasan Sangaya da Wasila yau iyaye ne, wasunsu da jikoki, Ali Nuhu kansa tun Janairun 2024 yake shugabantar Hukumar Fina-finai ta Najeriya. Ya zuwa yanzu hanyar da aka fi bi ita ce a sake ɗaukar tsohon labari da sababbin fuskoki, kamar yadda aka yi wa Mujadala a 2018. Wannan yana ba wa matasa aiki, amma yana zubar da shekarun da suka wuce, waɗanda su ne dukiyar. Furodusan da zai tara waɗanda suka rage daga cikin 'yan wasan farkon shekarun 2000, ya bar su da ƙibarsu da furfurarsu, ya tambayi abin da ya faru da auren da aka ɗaura a ƙarshen kashi na biyu, zai samu masu kallo daga Kasuwar Barci har Maraɗi. Sharaɗin dai kada ya sa su rawa a lambu kamar 'yan shekara ashirin, kada kuma ranar da kwamfuta ta yi araha ya ce zai dawo mana da marigayi Ahmad S. Nuhu ko marigayi Rabilu Musa Ibro.