Gunki ko Fasaha? Nazarin Zane-zane da Sassaƙe-sassaƙen Birnin Legas

1.0 Gabatarwa

Manazarta Hausa sun daɗe suna ba da ƙarfi ga abin da kunne yake ji, wato waƙa da zube da wasan kwaikwayo, har ya zamana abin da ido yake gani bai sami rabonsa na nazari ba. Ga shi kuwa ɗimbin Hausawa ne suke zaune a birnin Legas, a Agege da Idi-Araba da Obalende da kewayen kasuwar Mil 12, kullum suna giftawa ta gaban zane-zanen bango da sassaƙe-sassaƙen da aka kakkafa a mararrabar hanyoyi. Wannan muƙala za ta leƙa wasu daga cikin wuraren da birnin yake baje kolin fasaharsa, domin ta duba abin da aka nuna, da wanda aka nufa da nunin, da kuma irin kalmomin da Bahaushe yake da su na faɗin abin da ya gani.

2.0 Babban Gidan Wasanni na Iganmu

An fara wannan gini a zamanin Janar Yakubu Gowon, aka kammala shi a 1976, domin bikin baje kolin al'adun baƙar fata na duniya karo na biyu, wato FESTAC, wanda aka yi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairun 1977. Wani kamfanin ƙasar Bulgeriya ne ya gina shi, bisa fasalin wani zauren wasanni da ke birnin Varna na can ƙasar, kuma babban zaurensa an tsara shi ne don ya ɗauki mutum 5,000. Duk wanda ya hango shi daga kan gada zai ga ya yi kama da hular hafsan soja.

Ginin na baƙi ne, adon kuwa na 'yan ƙasa. Erhabor Emokpae ya yi sassaƙen da ya ƙawata mashigansa, Yusuf Grillo ya yi aikin gilashi mai launi, Lamidi Fakeye kuma ya yi sassaƙen itace. Kowane ɗaya daga cikin ayyukan nan abin yabo ne idan aka ɗauke shi shi kaɗai, musamman na Grillo, wanda ya san yadda zai sa hasken rana ya zama ɗaya daga cikin kayan aikinsa. Sai dai kuma idan aka dubi ginin gaba ɗayansa, za a ga ado ne aka yafa wa gangar jikin da ba don shi aka yi ta ba, kamar a ɗinka riga a wata ƙasa sannan a kawo wa maɗinkin gida ya yi mata aska a wuya. A nan ne kwatanci da ginin Hausa yake da amfani. Maginin Zariya ko na Kano shi ne mai ɗora tubali, shi ne mai fitar da zanko, shi ne kuma mai zana dagi a fuskar zaure tun ƙasa tana ɗanya, kafin a bi da makuba. Hannu ɗaya ne ya yi gini ya yi ado, don haka ba a iya ɓamɓare ɗaya a bar ɗaya. Ba haka abin yake a Iganmu ba.

Akwai wani rabo da aka yi a lokacin bikin wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Legas ta sami dandali da zaurukan nuni, Kaduna kuwa aka ba ta hawan daba. Ba wanda zai musa cewa hawan ya ƙayatar, amma dawaki suna komawa bargarsu, an gama ke nan, alhali abin da aka kafa a bango yana nan ana gani shekara da shekaru. Ta haka aka ƙara ƙarfafa tunanin cewa fasahar Arewa abin kallo ce na yini guda, ba abar ajiyewa a yi nazari ba. Ginin kansa ya sha fama da rashin kulawa na shekaru masu yawa kafin Babban Bankin Nijeriya da sauran bankuna su ɗauki nauyin gyara shi, kuma a 2024 aka sauya masa suna zuwa na Wole Soyinka.

3.0 Gidan Tarihi na Onikan

Kenneth Murray ne ya kafa wannan gida a 1957. Tun daga waje maziyarci zai yi kiciɓis da aikin tagulla na Ben Enwonwu mai suna Anyanwu, wato rana a harshen Ibo, surar mace siririya da ta miƙe kamar tana shirin tashi sama. A ciki akwai kayan Binin da na Ife da na Igbo-Ukwu da na Nok, sannan a wani sashe ga baƙar motar marsandi da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, da ramukan harsasai a jikinta. Ba abin mamaki ba ne a ce motar nan ta fi komai jan zuciyar Bahaushe a gidan, domin ita ce abin da ya san labarinsa. Sauran kayan kuwa kalma ɗaya yake da ita a bakinsa: gumaka.

Wannan kalma ita ce tushen matsalar. Gunki abin bauta ne, kuma Musulmi yana da hujjarsa ta addini ta nisantar sa. To amma da zarar an kira kowace sura gunki, an rufe ƙofar tambaya. Ba za a ƙara tambayar wa ya yi ta ba, ko da me ya yi ta, ko ya gwanance ko ya yi kwaɓa. Kalmar mutum-mutumi kuwa, wadda kafofin watsa labarai suka fi amfani da ita, asalinta abin korar tsuntsaye ne a gona, saboda haka tana ɗauke da ƙanshin raini. Wani abin ban dariya shi ne, shahararren kan nan na yumɓu da ake kira Kan Jama'a, kafin a kai wa Bernard Fagg shi a 1943, aikin da yake yi ke nan a wata gonar doya. Ya shekara fiye da 2,000 a ƙarƙashin ƙasa, ya fito ya zama mutum-mutumi na haƙiƙa. Kuma daga kudancin Jihar Kaduna ta yau ya fito, ba daga wata uwa duniya ba.

Bayan wannan akwai al'adar da gidajen tarihi suka gada daga Turawa, ta rubuta sunan ƙabila da gari a gefen kayan gargajiya ba tare da sunan wanda ya yi su ba. Enwonwu yana da suna da shekara, mai dukanci da maƙeri da masaƙi kuwa sai a ce aikin Hausawa ne kawai. Alhali Hausawa sun san gwanayensu da suna. Har yau ba a manta da Babban Gwani Muhammadu Durugu ba, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Bayanan da ke jikin kayan ma da Ingilishi aka rubuta su, wanda hakan ya nuna irin baƙon da ake sa ran zuwansa.

4.0 Bangon titi da jikin mota

A 2017, lokacin da Jihar Legas ta cika shekara 50 da kafuwa, gwamnati ta sa an ƙawata wurare da dama na birnin. Daga cikin ayyukan da suka fi fice akwai na Polly Alakija a ginshiƙan gadar Falomo, inda ta zana manya-manyan fuskokin mata. Aikin ya yi nasara ta fuska ɗaya, domin ya yi la'akari da mai kallonsa: wanda yake cikin cunkoson motoci ba ya bukatar ƙananan bayanai, launi mai ƙarfi da sura mai girma yake iya kamawa. Rauninsa kuwa irin na duk aikin biki ne. Ruwan sama da hayaƙin motoci da masu liƙa hotunan 'yan siyasa ba sa jiran a sabunta kwangila. Bangon gidan Hausa ma yana zaizayewa, amma mai gida ne yake sake yaɓe bayan damina, don nasa ne.

Dandalin Freedom Park ya fi waɗannan dacewa da wurinsa. Tsohon kurkukun Turawan mulkin mallaka ne a titin Broad, inda aka taɓa tsare Herbert Macaulay da Obafemi Awolowo, aka mayar da shi wurin shaƙatawa da wasanni a 2010 bisa tsarin Theo Lawson. An bar alamun ɗakunan fursuna yadda ƙafa za ta auna ƙuncinsu, don haka wurin yana ba da labarinsa ko ga wanda bai iya karatu ba. Gidajen nuni masu zaman kansu, irin na Nike Davies-Okundaye a Lekki da gidan adana na Yemisi Shyllon da aka buɗe a 2019, suna da tarin ayyuka masu daraja, sai dai nisansu da unguwannin talakawa ya riga ya tace masu zuwa. Mai rini daga Ƙofar Mata da zai ga adiren Nike, da ya sami abin cewa game da shuni fiye da yawancin masu kallo.

Abin da ba a lissafawa shi ne zanen da ke shigowa birnin kowace safiya a jikin manyan motocin da ke kawo shanu da tumatir da albasa daga Arewa. A ƙyauren bayansu akwai zaki da dawisu da dabino da hasumiyar masallaci, ga kirari ko addu'a a sama da boko ko da ajami. Wannan ya rushe zancen cewa Bahaushe ba ruwansa da sura, kamar yadda kekuna da takubba da agogunan da magina suka zana a fuskar gidajen Zariya suka rushe shi tun da daɗewa. Haka kuma ya kamata a tuna cewa Grillo da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya a Zariya suka kafa ƙungiyarsu a 1958, suna ɗalibai, suna kira da a haɗa dabarun zamani da fasahar gida. Kowannensu ya koma ga gadon mutanensa, Okeke ga zanen uli na Ibo, Onobrakpeya ga tatsuniyoyin Urhobo. Dagin da ke bangon garin da suka yi karatu a cikinsa kuwa ya fi samun shiga a tambarin hukumomi da fuskar gine-ginen gwamnati fiye da zaurukan nuni na Legas.

Harshen Hausa yana da sassaƙa da ƙira da zubi da ɗinki da zayyana da yaɓe, kowace kalma tana nuna hannun da ya yi aiki da abin da ya yi aikin da shi. Anyanwu zubin tagulla ce, Kan Jama'a ginin yumɓu ne, ƙofofin Fakeye sassaƙa ce. Da waɗannan sunaye ya kamata a rubuta su a littattafan makaranta da kuma a allunan bayani na Onikan.