Gwanin da Ba Ya Gaggawar Fomatin

Akwai wata cutar laftof da masu gyara a Birnin Kebbi suka haddace, domin gari ne na ɗalibai: ga Kwalejin Waziri Umaru, ga Jami'ar Tarayya, ga kuma 'yan Kwalejin Adamu Augie can Argungu. Ɗalibi zai ji an ce Linux ta masu ilimi ce, sai ya zuba Ubuntu a filashi, ya ce zai zaunar da ita kusa da Windows, wadda ya ga dama ya hau. Ana tsakar rabon diski wuta ta ɗauke, batirin kuwa ya daɗe da mutuwa. Da ya sake kunnawa, sai baƙin allo da ɗan rubutu: grub rescue. Furojet ɗinsa na ƙarshe kuma yana ciki.

Mai gyaran da ke sauri zai ce a yi fomatin, ya share komai, ya karɓi kuɗinsa. Wanda nake yabo shi ne wanda zai jawo benci ya ce, "Zauna, ƙanena. Mi ka taɓa?"

Abin da ya sani shi ne, sau da yawa kayan suna nan lafiya lau. A farkon diski akwai ɗan jadawali mai faɗin inda kowane ɓangare ya fara da inda ya tsaya, kuma galibi shi ne ya rikice, ko kuma manhajar tayar da na'urar ce ta ɓata hanya. Manomin shinkafa a fadamar Rima zai gane wannan nan take: ambaliya kan shafe iyakokin gonaki, amma ƙasar tana inda take. Tsohon tsari, MBR, manyan ɓangarori huɗu kawai yake ɗauka. Sabon, GPT, yana kaiwa 128 a Windows, har yana ajiye kwafin jadawalin a ƙarshen diski, abin da ya ceci mutane da yawa ba su sani ba.

Don haka gwani ba ya fara da sharewa. Zai tayar da laftof ɗin daga filashi, ya kwashe takardun mai ita zuwa wani diskin, sannan ya buɗe GParted ya yi karatu. A nan basirar take. NTFS na Windows ne, ext4 da swap na Linux ne. Sai wani ɗan ƙaramin ɓangare mai FAT32, wanda sau da yawa bai wuce megabait 100 ba. Ɗan koyo kan raina shi saboda ƙanƙanta, alhali nan ne EFI, inda umarnin tashin na'urar yake kwana. Ita kuwa Windows ba ta karanta ext4, sai ta nuna ɓangaren ba suna ba bayani, mutum ya ɗauka fanko ne. Gwani yana gwada girma da girma, ya sake tambayar mai laftof gigabait nawa ya yanka wa Ubuntu, kafin yatsansa ya sauka.

Idan ɓangaren da zai share ya yi taurin kai, sai ya koma diskpart na Windows: ya jero diskoki, ya zaɓi nasa, ya zaɓi ɓangaren, ya ba da umarnin delete partition override. Akwai wani umarni maƙwabcinsa, clean, wanda ke ɗauke jadawalin diski gaba ɗaya ba tare da ya nemi izini ba. Lamba ɗaya aka kuskure, an share diskin da aka kwashe kayan a ciki. Shi ya sa za ka ga ya zare duk wani diski da ba ya buƙata tukuna.

Share ɓangaren Linux rabin aiki ne, domin GRUB, manhajar tayar da na'urar, zai ci gaba da neman abin da babu. Sai a gyara hanyar tashi da bcdboot, ko bootrec a tsohon tsari, a cire babban fayil ɗin ubuntu daga EFI, a mayar wa Windows filin da aka 'yanto. In kuwa ɗalibin ya riga ya share ɓangaren da furojet yake kafin ya zo, akwai TestDisk, manhajar kyauta ta Christophe Grenier, wadda ke bin diski tana laluben tsofaffin iyakoki. Sharaɗinta ɗaya ne: kada a rubuta komai a kan diskin kafin ta gama.