Suna da Adadi: Sharhi kan Yadda Rubutu ya Adana Mamatan Satiru

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zaman makoki a ƙasar Hausa ya san cewa tambayar farko da mai gaisuwa yake yi ita ce, wa ya rasu? Sai a faɗi suna, a haɗa da sunan uba da unguwa da sana'a da 'ya'yan da aka bari, sannan a shafa fatiha. Wannan takarda za ta duba abin da yake faruwa da wannan al'ada idan gari guda ne ya mutu a rana ɗaya, kuma waɗanda suka kashe shi su ne suka rubuta labarin. An ɗauki Satiru a matsayin misali. Manufar ita ce ɗalibin harshe ya ga yadda zaɓen kalma da ginin jimla suke raba mamata gida biyu, wato masu suna da waɗanda aka dunƙule cikin adadi, domin ya san abin da yake yi a ranar da aka ba shi irin wannan rubutu ya fassara.

2.0 Abin da ya Faru a Satiru

Satiru gari ne da ke kimanin mil 14 kudu da Sakkwato. A shekarar 1904 shugaban garin, Malam Maikaho, ya yi da'awar Mahadiyya, aka kama shi, ya cika a tsare a Sakkwato. Ɗansa Malam Isa ya gaje shi. A farkon 1906 wani makahon malami Bazabarme, wanda aka fi sani da Ɗan Makaho, ya iso garin daga Kobkitanda ta ƙasar Doso, inda mabiyansa suka gwabza da Faransawa. Ana cikin haka mutanen Satiru suka auka wa ƙauyen Tsomau da ya ƙi bin su, suka yi kisa.

Ranar 14 ga Fabrairu 1906 muƙaddashin Razdan na Sakkwato, Hillary, ya nufi garin da sojan doki. Mutanen garin suka fito da gatura da fartanyu da kwari da baka, suka tarwatsa rundunar. Aka kashe Hillary da mataimakinsa Scott da Laftanar Blackwood da sojoji baƙar fata 25, aka kuma bar bindiga mai jigida a filin. Malam Isa ya sami raunin da ya zama ajalinsa. Ranar 10 ga Maris Manjo Goodwin ya zo da runduna ta ɗaruruwan sojoji, tare da dakarun Sakkwato. An ƙiyasta cewa an kashe mutum wajen 2,000, an kora mata da yara wajen 3,000 zuwa Sakkwato. Aka rushe garin, aka yanke wa Ɗan Makaho hukuncin kisa, Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na Biyu kuma ya tsine wa duk wanda zai sake gini ko noma a wurin.

Mai karatu ya lura da sakin layi biyun nan da kyau. An ambaci sunan Bature huɗu da malami uku da sarki ɗaya. Sauran mutum fiye da 5,000 sun shigo ne a matsayin lambobi uku. Haka labarin ya iso mana, kuma a kan wannan ne sharhin zai tsaya.

3.0 Ambaton Mamaci Kafin Zuwan Turawa

Kada a ɗauka cewa yankin Sakkwato bai san hanyar adana sunan wanda ya faɗi a fagen fama ba. A ƙarshen 1804 jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta sha mummunan kashi a Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa. Muhammadu Bello ya kawo labarin a Infaƙul Maisuri, inda aka samo adadin nan da ya shahara na mutum wajen 2,000, daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani wajen 200, ya kuma ambaci wasu manyan malamai da sunayensu. Abdullahi Ɗanfodiyo ya yi kukan abokansa da yaƙe-yaƙen farko suka cinye a cikin waƙoƙin da ya tara a Tazyinul Waraƙati. Sai dai ko a nan ma ana ganin ma'auni. Ilimi da muƙami su ne suke jawo wa mamaci ambato, manomin da ya ɗauki baka ya bi malaminsa yana cikin ragowar 1,800.

Wadda ta faɗaɗa wannan ma'auni ita ce Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Cikin waƙoƙinta da Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara suka buga a 1997, akwai marsiyyoyin manya kamar Bello da mijinta Waziri Giɗaɗo, akwai kuma na matan da ba su riƙe wata sarauta ba: Halima maƙwabciyarta, da Zaharatu mai taimakon mata wajen haihuwa da wankan gawa, da Hawa'u jajiyar 'yan taru. Abin da ta yaba musu shi ne aikin yau da kullum, wato haƙuri da zumunci da kula da marar lafiya. Ke nan shekara arba'in kafin faɗuwar Satiru, a cikin birnin da aka kora matan garin zuwa gare shi, akwai ingantaccen salon tuna mace talaka da sunanta da aikinta. Salon yana nan. Abin tambaya shi ne wa aka yarda a yi wa amfani da shi.

4.0 Rahoton Turawa

Takardun da manazarta suka fi dogara da su kan Satiru su ne rahotannin Razdan Burdon da Manjo Goodwin da Gwamna Lugga zuwa Landan. An rubuta su ne domin a gamsar da ofishin kula da ƙasashen mulkin mallaka cewa matakin da aka ɗauka ya dace, saboda haka mamatan cikinsu hawa uku ne. A hawa na sama akwai Turawa, kowa da sunansa da muƙaminsa da yadda ya faɗi. A na biyu akwai sojoji 25, waɗanda aka san adadinsu daidai domin suna cikin littafin albashi. A na ƙasa akwai mutanen garin, waɗanda ko adadinsu ma ƙiyasi ne. Mamatan Tsomau kuwa sun shigo ne kawai a matsayin dalilin fita yaƙi.

Winston Churchill, wanda a lokacin ƙaramin minista ne a wancan ofishi, ya rubuta damuwarsa kan kisan mutanen da kusan ba su da makami. Wannan ya nuna cewa ko a 1906 an san an wuce gona da iri. Amma damuwar tasa ma a kan taron mutane take, taron da bai da fuska.

Wannan ɗabi'a ta wuce Satiru. A watan Afrilu 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen renon Ingila ta fitar da rahoton da ya amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, akasarinsu daga gabashin Afirka da Masar, ba a tuna da su da suna ba, wasu ma ba a yi musu alamar komai ba, kuma adadin yana iya kai 350,000. Rahoton ya ɗora laifin a kan wariyar launin fata ta jami'an lokacin.

5.0 Kalma da Ginin Jimla

A nan ne aikin ɗalibin Hausa yake. Akwai wurare huɗu da mai fassara ko mai rubuta tarihi yake yanke hukunci, sau da yawa ba tare da ya sani ba.

5.1 Bore, tawaye, fitina, yaƙi

Kalmomin da rahotannin suka kira abin da su suna nufin tayar wa hukuma. Ɗalibi yakan yi saurin cewa "boren Satiru" ko "tawayen Satiru". To, amma bore da tawaye a Hausa suna ɗauke da zaton cewa akwai halattaccen shugaba da aka juya wa baya. Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, ko shekara uku ba su cika ba. "Fitina" kuwa kalma ce ta malamai, wadda take mayar da mai ita mai laifi a addini. "Yaƙi" ita kaɗai ce take tsayar da ɓangarorin biyu a matsayin abokan gāba. Wanda ya mutu a yaƙi ana yi masa makoki, ɗan tawaye kuwa cewa ake yi shi ya jawo wa kansa.

5.2 Mutu, rasu, halaka, shahada

Hausa tana da tsani na faɗin mutuwa. "Ya mutu" ya haɗa mutum da dabba. "Ya rasu" da "ya cika" da "ya riga mu gidan gaskiya" na wanda ake girmamawa ne. "Ya halaka" yana da ƙanshin tsinuwa, "ya yi shahada" kuma hukunci ne na cewa yana kan gaskiya. Marubucin da ya ce an rasa Turawa uku, sannan a layi na gaba ya ce Satirawa 2,000 sun halaka, ya gama bayyana ra'ayinsa tun bai kawo hujja ba. Abin da ya fi aminci shi ne a yi wa kowane ɓangare aikatau iri ɗaya.

5.3 "An" da "aka"

A dubi waɗannan jimloli:

(a) Garin ya watse.
(b) An watsa garin.
(c) Sojojin Goodwin da dakarun Sakkwato sun watsa garin.

A (a) aikatau ƙi-karɓau ne, kamar dai fari ko annoba ce ta kori mutane. A (b) an yarda akwai aikau, amma wakilin suna "an" ya rufa masa asiri. A (c) ne kawai aka san wanda ya yi. Idan mai karatu ya koma sashe na 2.0 zai tarar wannan takarda ma ta jera "an kashe" da "an kora" da "aka rushe", domin salon ba da labari na Hausa yana jan alƙalami zuwa can. Amfani da "an" ba laifi ba ne. Laifin yana zuwa ne idan aka ce "Satirawa sun kashe Hillary", sannan aka ce "an kashe Satirawa".

5.4 Ɗafa-ƙeyar -awa

"Satirawa" kalma ce mai sauƙin faɗi, kamar Kanawa da Gobirawa, amma tana haɗa malamin da ya yi wa'azin yaƙi da tsohuwar da take kaɗi a ɗakinta da jaririn da ke goye. Da zarar an ce Satirawa sun auka wa Tsomau, an shafa wa duk garin laifin, hukuncin 10 ga Maris kuma ya zama kamar ya dace da kowa.

6.0 Gudummawar Masana Tarihi

R. A. Adeleye, a maƙalarsa ta 1972 a mujallar Ƙungiyar Tarihi ta Nijeriya, ya kira abin da Turawa suka yi ramuwar gayya, ya fitar da Satiru daga jerin tarzoma ya sa shi cikin tarihin turjiya ga mulkin mallaka. A 1990 Paul Lovejoy da Jan Hogendorn suka ƙara wani abu mai muhimmanci. Sun nuna cewa jama'ar garin talakawa ne da bayin da suka gudu daga iyayengijinsu, kuma abin da suka tayar wa ya haɗa da sarautar Sakkwato kanta. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa fada ta tsaya tare da Turawa, ya kuma bayyana makomar matan da aka kora, waɗanda da yawa suka koma hannun masu mulki.

Ga ɗalibin adabi, wannan bincike ya amsa tambayar da aka bari a sashe na 3.0. Marsiyya tana bukatar mawaƙi da mai saurare da wanda zai kwafi takarda ya ajiye. A Sakkwato ta 1906 waɗannan duka suna kewayen fadar da ta yi tsinuwar. Bawan da ya gudu kuwa sau da yawa sunan da aka san shi da shi ma na ubangijinsa ne ya raɗa masa. Iyakar waɗannan maƙalu ita ce, duk da sun sauya hukuncin, da takardun Turawa aka gina mafi yawansu, don haka mutanen garin sun tashi daga "'yan tawaye" sun koma "talakawa" da "bayi". An kyautata musu suna na jam'i, na tilo bai dawo ba.

7.0 Kufai Biyu

Ranar 10 ga Yuni 1944 sojojin Jamus suka kashe mutum 643, maza da mata da yara, a garin Oradour-sur-Glane na Faransa, suka ƙone shi. Bayan yaƙi gwamnatin Faransa ta hana a taɓa kufan, aka gina sabon gari a gefe, aka rubuta sunayen mamatan, aka tattara hotunansu da kayan aikinsu. An hana gini a Oradour, an hana gini a Satiru. A ɗaya an yi haka ne domin kada a manta da mutanen, a ɗayan domin su zama abin tsoratarwa. Abin da ya bambanta kufan biyu shi ne rubutun da aka jingina musu.

8.0 Kammalawa

An ga cewa al'adar Sakkwato ta mallaki hanyar tuna talaka da mace da suna, an ga yadda rahoton Turawa ya jera mamata hawa-hawa, an kuma ga wurare huɗu da Hausar mai fassara take iya ƙarfafa wannan jeri ko ta rage shi. Maganar ba ta tsaya a 1906 ba. Akwai garuruwan da 'ya'yansu suka tafi Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, ko yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ba su dawo ba. Akwai Baga ta Janairu 2015, da ƙauyukan Zamfara da Katsina da labarinsu yake zuwa a rediyo da "kimanin mutum kaza". A waɗannan wurare masu riƙe da sunayen suna da rai.

Aiki ga ɗalibai:

1. A samo labarin wani hari daga jaridar Hausa, a fitar da duk aikatau da aka faɗi mutuwa da su, a nuna wa aka ba wanne.
2. A sake rubuta sakin layi na biyu na sashe na 2.0 ba tare da "an" ko "aka" ba, a bayyana abin da ya sauya.
3. Da izinin iyalinsa, a rubuta shafi ɗaya kan mutum guda na garinku, mace ko namiji, da yaƙi ya ci: sunansa da laƙabinsa da sana'arsa da abin da maƙwabta suke tuna shi da shi. A bar yadda ya mutu zuwa layin ƙarshe.