Alƙalami da Kujera: Nazari a kan Masu Zanen Tambura da Kamfanoninsu

Akwai wata mas'ala da ta daɗe tana damun gwanayen zanen tambura da fasalin littattafai da allunan talla a Turai da Amurka, ita ce, duk lokacin da mutum ya shahara har ya buɗe kamfani nasa na kansa, sai ayyuka su yi masa yawa, ya ɗauki ma'aikata, ma'aikata su bukaci albashi, albashi ya tilasta masa karɓar aikin da a da zai ƙi, har a wayi gari alƙalamin da ya jawo masa daraja ya koma hannun yaransa, shi kuwa ya zama mai zaman taro da duba lissafi. Wanda ya yi tadabburi a kan tarihin manyan wannan sana'a zai ga kowannensu ya nemi mafita daga wannan mushkila ta hanyar da ta dace da halinsa.

Paul Rand, mutumin Amurka, wanda ya zana tambarin IBM a 1956, ya kuma ƙara masa ratsi-ratsin nan a 1972, ya zaɓi hanyar kaɗaici. Galibin aikinsa a gidansa yake yi, ba ya tara jama'a, sai dai ya je jami'ar Yale ya karantar da almajirai. Sa'ad da Steve Jobs ya neme shi a 1986 don ya yi wa kamfaninsa na NeXT tambari, sai ya yanka masa dala 100,000, bisa sharaɗin zane ɗaya tak zai kawo, in an so a karɓa, in ba a so a bari, ladansa dai sai an biya. Wannan izza ce wadda ba ta samuwa sai ga wanda ba shi da nauyin ciyar da ɗimbin ma'aikata. Amma aibinta a fili yake, domin da ya rasu a 1996 ba a samu wani gida da ya gaje shi ba, sai ayyukansa da littattafansa.

Kishiyar wannan ita ce hanyar kamfanin Unimark, wanda Massimo Vignelli, ɗan Italiya, ya kafa da abokansa a 1965. Cikin 'yan shekaru suka buɗe ofisoshi a birane da dama, suka yi wa American Airlines tambari, suka tsara alamomin jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Niyok. Sai dai girman ya rinjayi kuɗin shiga, Vignelli ya fita a 1971 ya kafa ƙaramin kamfani tare da matarsa Lella, Unimark kuwa ya durƙushe kafin shekarun 1970 su ƙare.

A ra'ayina, waɗanda suka fi kowa fahimtar haƙiƙanin al'amarin su ne mutum biyar ɗin da suka kafa Pentagram a Landan a 1972, wato Alan Fletcher da Colin Forbes da Theo Crosby da Kenneth Grange da Mervyn Kurlansky. Tsarin da suka shimfiɗa, wanda akasari ake jingina hikimarsa ga Forbes, shi ne kowane abokin tarayya ya kasance mai zane ne da hannunsa, yana da 'yan yaransa ƙalilan, shi ke neman aikinsa, shi ke zama da mai aikin ido da ido ba tare da ɗan tsakani ba, alhali kuwa ribar da aka samu a haɗe ake raba ta daidai wa daida, kuma ba a shigar da sabon abokin tarayya sai da ijma'in sauran. Abin ya yi kama da gandu, inda kowa ke noma kuma rumbu ɗaya ne, sai dai a nan babu maigida. Fa'idar wannan ita ce, wanda ya sami shekara mai ƙunci, ko ya karɓi aikin gidan wasan kwaikwayo da ba ya kawo kuɗi, 'yan'uwansa za su ɗauke shi. Kunyar ganin lissafinsa a gaban takwarorinsa kuwa ta isa ta hana shi kasala. Da haka Paula Scher, wadda ta shiga Pentagram a 1991, ta iya haɗa aikin gidan wasan kwaikwayo na Public Theater da tambarin bankin Citi, wanda ta fara zana shi a kan takardar goge hannu ana tsakiyar taro a 1998.

Ban ce tsarin ba shi da naƙasu ba. Mutum mai son a ji sunansa shi kaɗai ba zai jure shi ba, kuma Fletcher da kansa ya fita a 1992 ya koma yin aiki a gidansa. Akwai kuma masu ganin ko wannan girman ya yi yawa, irin su Stefan Sagmeister, ɗan Ostiriya, wanda ya buɗe kamfaninsa a Niyok a 1993, ya riƙe shi da mutane kaɗan da gangan, har ya ɗauki al'adar rufe shi shekara guda cur bayan kowace shekara bakwai don ya yi gwaje-gwajen da ba wanda ya saya. Amma hujjar da ta fi ƙarfi a wajena a kan ingancin tsarin ita ce, a yau babu ko ɗaya daga cikin mutum biyar na farko a Pentagram, kamfanin kuwa yana nan da ofisoshinsa a Landan da Niyok da Balin, kuma har yanzu masu zanen ne suka mallake shi, ba a sayar da shi ga manyan kamfanonin talla ba.